Kwas ɗin kiyaye haɗari da aka gina a kan tashar nukiliya ta Koeberg: ra'ayin mai kula da boila a Sharaɗa

Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko kwas ɗin nan na kiyaye haɗari a masana'anta, wanda ake yi a wata cibiyar horo da ke wajen Zoo Road, ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce ya cancanta, amma ba ga kowa ba, kuma ba kowane sashe nasa ba. Ni mai kula da injina ne a wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa. Boila biyu ne a hannuna, da injinan busar da shinkafa, da janareta, da yara masu aikin rana da masu aikin dare. Na sha zama a irin waɗannan kwasa-kwasai, inda za a nuna maka hular kwano da takalmin ƙarfe, a koya maka riƙe tukunyar kashe gobara, a miƙa maka takardar shaida a sallame ka. Wannan ya sha bamban da su, kuma abin da ya bambanta shi ne ya sa na ga ya dace in yi bayani da ɗan tsawo.

Ana zama ne Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa la'asar, a tashi azahar a yi salla a ci abinci. Kamfani ne ya biya mini, kuma kuɗin bai kai na dizal ɗin da muke ƙonawa a yini guda ba idan aka ɗauke wuta. Ajin haɗin gambiza ne: masu narka roba daga Bompai, majema daga Challawa, wani mai kula da injin matse mai, ɗalibai mata biyu masu karatun injiniya, sai wani Alhaji mai kamfanin kansa da ya ce shi zai zo ya ji da kunnensa kafin ya turo ma'aikatansa. Malamin dattijo ne, injiniyan lantarki, ɗan cikin gari, ya daɗe yana aiki a tashoshin wuta a ƙasashen waje kafin ya dawo gida. Kowa Injiniya yake ce masa.

Tun ranar farko ya ce ba zai yi ta yawo da mu daga misali zuwa misali ba, tasha ɗaya zai ɗauka mu zauna a kanta. Ya ɗauki Koeberg, wadda ke bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Town a Afirka ta Kudu. Ita ce kaɗai tashar nukiliya da ke ba da wutar lantarki a duk nahiyar Afirka a yanzu. Faransawa ne suka gina ta, an soma aikin a 1976, tukunya ta farko, wato inda yuraniyom ke ba da zafi, ta fara aiki a 1984, ta biyu a 1985, kuma kamfanin wuta na ƙasar, Eskom, ne ke tafiyar da ita. Tukwanen biyu suna ba da abin da ya haura megawat 1,800. Don a gane girman wannan adadi, Kainji megawat 760 ce, Shiroro 600, wato ko an haɗa su biyun ba su kamo ta ba. A 2024 hukumar da ke sa ido kan nukiliya a ƙasar ta ƙara wa tukunya ta farko izinin aiki na shekara 20, har zuwa 2044.

Bayanin yadda tashar ke aiki bai ɗauke shi lokaci ba, ni kuma a nan na fara sakin jiki, don na ga ashe abin da na sani ne. Yuraniyom yana ba da zafi, zafin ya shiga ruwa, ruwan ya dumama wani ruwan daban har ya zama tururi, tururin ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Mu ɓuntun shinkafa muke ƙonawa, su yuraniyom suke amfani da shi. Sai dai ruwan da ke zagaya tukunyarsu ya wuce digiri 300 a zafi, kuma an matse shi da ƙarfin da ya kai wajen 155 a ma'aunin matsi na "bar" don kada ya tafasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban agogon boila yana kallon allura tana hawa ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Daga nan ya ba mu labarin ƙusa. A ƙarshen 2005, bayan an gama gyaran da aka saba yi, aka tayar da tukunya ta farko a Koeberg, ashe an bar wata ƙusa mai noti, tsawonta bai wuce yatsa ba, a cikin janareta. Ta yi wa cikin injin mummunar ɓarna. Abin bai shafi ɓangaren nukiliya ba ko kaɗan, ba wanda ya shaƙi wani abu, amma rabin tashar ya tsaya wata da watanni. Sai da aka nemo ƙaton ƙarfen da ke juyawa a cikin janaretan daga wurin kamfanin wuta na Faransa, jirgin ruwan sojan Afirka ta Kudu ya ɗauko shi. A farkon 2006 mutanen yankin Cape Town sun sha ɗauke wuta irin wadda ba su saba da ita ba. Ajin ya yi tsit, don babu wanda ke wurin da bai taɓa jin ƙarar baƙon ƙarfe a cikin inji ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk kwas ɗin. Injiniya ya sa aka kawo tsohon famfon ruwa aka ɗora a kan tebur, ya zagaye teburin da igiya ja, ya ajiye yarinya ɗaya daga cikin ɗaliban a bakin igiyar da littafi da biro. Duk abin da zai tsallake igiyar sai ta rubuta: sifana mai lamba kaza, filaya, sukudireba, tsumma biyu. Wanda zai shiga sai ya cire agogo, ya zazzage aljihun gaba, har hula sai da aka sa wani ya cire don akwai allura a jikinta. Duk bakin bututun da aka buɗe sai a rufe shi da murfi mai launi nan take. Aka kwance famfo aka mayar. Da aka zo fita, yarinyar ta ƙirga ta ce saura wasa ɗaya, ƙaramin zoben ƙarfen nan da ake sa wa a ƙarƙashin noti. Mai gyaran ya ce ai ya mayar da shi wurinsa. Ta ce ita ba ta gani ba, kuma ba za ta sa hannu ba. Ya juya ya dubi Injiniya, Injiniya ya ce, "Malam, ni ba ruwana, ita ce mai littafi." Sai da aka sake kwance famfon. Wasan yana kwance a gindin farfela. Injiniya ne ya saka shi da gangan, ya ɗauke na wurin noti, lokacin da hankalin kowa ke kan murfi. Babu wani jawabi da zai shiga kai kamar yadda wannan ya shiga.

To a nan ne ya kawo maganar ƙungiyar masu tashoshin nukiliya. Ya ce mu tambayi kanmu: idan irin wannan ya faru a tasha ɗaya, ta yaya mai tasha a wata ƙasa zai ji, ya gyara nasa tun bai same shi ba? Ya koma 1979, tashar Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ranar 28 ga Maris, da asuba, wani bawul da ke rage matsin ruwa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa ta mutu, ma'aikata suka ɗauka bawul ya rufu, alhali fitilar ba abin da take nunawa sai cewa an aika masa umarnin rufuwa. Ruwa ya yi ta zurarewa sama da awa biyu, su kuma suka rage ruwan agaji saboda suna zaton ya yi yawa, har kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Abin takaicin shi ne, a watan Satumba na 1977 irin wannan bawul ya maƙale a tashar Davis-Besse da ke Ohio, ƙirar kamfani ɗaya, ma'aikatan can suka gano cikin kimanin minti 20 suka toshe. Darasin yana nan a rubuce, amma bai isa hannun mutanen da ke zaune a ɗakin sarrafawa na Three Mile Island ba. Kafin shekarar ta ƙare masu tashoshin Amurka suka kafa cibiyarsu ta INPO a Atlanta, don su riƙa duba juna suna aika wa juna labari.

Sauran duniya ba ta bi sahu ba sai da aka yi Chernobyl, ranar 26 ga Afrilu, 1986, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet. Can ma an riga an ga alamun aibin irin wannan tukunya a tashar Leningrad a 1975 da ta Ignalina a 1983, amma aka rufe zancen a ofisoshi. Bayan wannan bala'i ne masu tashoshin nukiliya na duniya suka taru a Mosko a watan Mayu na 1989 suka kafa ƙungiyar WANO. Tana da cibiyoyi a Atlanta da Mosko da Faris da Tokyo, babban ofishinta kuma yana Landan. Ba ƙungiyar gwamnatoci ba ce. Ta gwamnatoci ita ce hukumar IAEA da ke Vienna, wadda aka kafa a 1957. Ita WANO ta masu riƙe da sifana ce, kamfanonin da ke tafiyar da tashoshin, kuma Eskom mamba ce a cikinta saboda Koeberg.

Injiniya ya ɗauki yini guda cur yana warware abin da zama mamba yake nufi, kuma ban ga an ɓata minti ɗaya ba. Abu na farko, duk abin da ya faru a tasharka mai ɗauke da darasi sai ka rubuta ka aika, a tace shi a rarraba wa sauran. Na biyu, kana aika alƙaluman aikinka: sau nawa tukunya ta kashe kanta ba shiri, ma'aikata nawa suka ji rauni, wutar da ka yi asara saboda lalacewar inji, a jera ka da takwarorinka ka ga inda kake. Na uku kuma shi ne mai nauyi. Duk bayan shekara huɗu tawagar ma'aikata daga tashoshin wasu ƙasashe za ta sauka a tasharka ta yi makonni. Ba takardu kawai suke dubawa ba. Suna tsayawa bayan mai aikin dare su ga yadda yake karɓar aiki daga na rana, suna bin mai gyara su ga ko yana karanta takardar aikin ko da ka yake yi, suna leƙa ƙarƙashin bututu su ga ɗigon da kowa ya saba da shi har ya daina ganinsa. A ƙarshe su zaunar da shugabannin tashar su faɗa musu inda suka gaza da inda suka fi kowa. Bayan wani lokaci a dawo a ga abin da aka gyara. Sabuwar tasha ma sai an zo an duba ta kafin a kunna ta. Kai ma kana ba da ma'aikatanka su je duba na wasu, kuma Injiniya ya ce sau da yawa wanda ya je dubawa ya fi wanda aka duba ƙaruwa.

Alhaji bai yarda ba, kuma na ji daɗin da ya yi magana, don abin da ke ran rabin ajin ya faɗa. Ya ce, "Injiniya, Allah ya ƙara maka lafiya, ni fa kasuwa nake. In buɗe wa abokin gasata ƙofa ya ga inda nake da rauni, gobe in ji zancen a Dawanau?" Injiniya ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, in boilar maƙwabcinka ta fashe ta kashe mutane, washegari ƙofar wa jami'ai za su fara bugawa? Wa zai rasa ma'aikata saboda iyaye sun hana 'ya'yansu aikin boila?" Ya ce masu nukiliya sun gane haka ne da tsada: haɗari a tasha ɗaya yana rufe tashoshi a ƙasashen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Bayan haɗarin tashar Fukushima ta Japan, Jamus ta yanke shawarar rufe nata gaba ɗaya, kuma ta kashe na ƙarshe a 2023. Sannan ya ce ba farashi ake tattaunawa ba, ba sunan masu saye ba, yadda za a koma gida da yatsu goma ake tattaunawa. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk ƙarfin haddarsa sai ya miƙa wa wasu alarammomi sun bi shi shafi-shafi, kuma ba wanda ya taɓa cewa hakan ya rage masa daraja.

Na yaba masa da bai mayar da ƙungiyar waliyyiya ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta tambaya ko kamfanin da ke da Fukushima mamba ne. Ya ce mamba ne, kuma hakan bai hana abin da ya faru ranar 11 ga Maris, 2011 ba, lokacin da igiyar ruwa mai tsawon wajen mita 14 ta haura katanga ta cinye janaretocin dizal na agaji, aka rasa wutar da za a sanyaya tukwane, uku suka narke. Bayan nan ne aka taƙaita tazarar dubawa daga shekara shida zuwa huɗu, aka kuma shigar da shirin ko-ta-kwana cikin abin da ake dubawa. Ya kuma faɗi cewa WANO ba ta da ikon rufe tashar kowa, wannan aikin hukumar kowace ƙasa ne, kuma rahoton dubawar sirri ne tsakaninta da mai tasha. Hujjarsu ita ce in za a buga a jarida, ba wanda zai faɗi gaskiya. Na fahimci hujjar, don na san yadda yaro ke rufe baki in ya san maganarsa za ta kai ofishin manaja. Amma ni a ganina mutumin da gidansa ke kusa da tasha yana da haƙƙin ya san wani abu daga ciki, ko da a dunƙule ne. Mun yi ta jayayya a kan wannan har aka kira la'asar, kuma Injiniya bai tilasta wa kowa ra'ayinsa ba.

Akwai ƙananan ɗabi'u da ya koyar waɗanda na ɗauka na kai wurin aiki tun kwas bai ƙare ba. Babbar cikinsu ita ce magana mai zuwa da dawowa. In na ce wa yaro ya rufe bawul na biyu a boila ta ɗaya, ba zai ce "to" ya wuce ba, sai ya maimaita mini: bawul na biyu, boila ta ɗaya, rufewa. Ni kuma in ce haka ne. A ɗakin da injin casa ke ruri, inda biyu da huɗu ke iya shigewa juna a kunne, wannan ba wasa ba ne. Sai kwaɗo: duk wanda zai sa hannu a inji ya kashe makunni, ya ɗaura kwaɗonsa da sunansa, makulli yana aljihunsa, ko manaja ba shi da ikon cirewa. Sai tsayawa kafin taɓa komai, ka ɗora yatsa a kan lambar, ka karanta, sannan ka murɗa. Yarana sun yi ta dariyar maimaita magana a makon farko. Yanzu su ke tsayar da ni in na yi sauri.

Sashen ƙarshe na aikin hannu shi ne aka haɗa mu biyu-biyu, kowa ya je masana'antar ɗan'uwansa da izinin masu ita, da sharaɗin abin da ka gani ba zai wuce ku biyu da Injiniya ba. Saboda wannan sharaɗi ba zan faɗi inda na je ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na shiga da tunanin zan ga manyan abubuwa, sai na ga ƙanana ne suka cika littafina. Wani makunnin gaggawa da aka jingine buhuna a gabansa. Wata waya da aka naɗe da leda. Wani agogon matsi da gilashinsa ya yi duhu har sai mai aiki ya goge da yawu kafin ya karanta. Mutumin da ke zagayawa da ni ƙwararre ne, ya fi ni shekaru a aiki, amma da na nuna masa buhunan sai ya tsaya ya yi shiru, ya ce kullum ta nan yake wucewa. Na kuma ga abin da na kwaikwaya: allon da suke rubuta abin da mai aikin dare ya bari, da alli, a bakin ƙofa, inda ba yadda za a yi ka shiga ba ka karanta ba. Da ya zo namu, shi ma ya cika shafi biyu, muka zauna a ƙarƙashin darbejiya muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Har yau muna waya.

Yanzu ga inda kwas ɗin ya gaza. Duk abin da ake haskawa a majigi da Turanci yake, haka takardun da aka raba. Injiniya yana bayani da Hausa mai daɗi, amma in ka koma gida takardar ba ta yi maka Hausa. Wani bajemi da ke kusa da ni, mutum mai basira wanda ya fi kowa kawo tambaya mai ma'ana, sai hoton allon yake ɗauka a waya don ɗansa ya karanta masa. Cibiyar da ke karɓar kuɗin mutanen Kano ya kamata ta biya a rubuta mata waɗannan takardu da harshen da ake aikin da shi. Na biyu, ɗakin ya yi wa yawanmu kaɗan, kuma in wuta ta tafi sai a jira a tayar da inji, zafi ya rufe mutane. Na uku, ba Injiniya ne ke ɗaukar kowane darasi ba. Sashen agajin farko da na gobara wani matashi ne ya yi su, karantawa kawai yake daga allo, tambaya ɗaya in ta kauce wa takarda sai ya ce za a zo wurin. Na huɗu, kuma wannan ya fi ɓata mini rai, rabin yinin ƙarshe ya tafi a tallar wasu kwasa-kwasai da ɗaukar hoto da takardar shaida, alhali ba mu gama tattauna abin da muka gano a ziyarar juna ba. Wannan tattaunawa ita ce ribar kwas ɗin, ita ya kamata a ba yinin gaba ɗaya.

Maganar Najeriya ma an taɓa ta ne a gurguje, ga shi ita kowa ke son ji. Ya ambaci cewa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa tun 1976 aka yi dokar kafa ta, kuma akwai hukumar sa ido ta daban. Ya ce nan kusa da mu, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai ƙaramar tukunyar bincike ƙirar ƙasar Sin da ke aiki tun 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30, ba wuta take bayarwa ba, gwajin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai ake yi da ita. A 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar wa Sin da na farkon. Mutane da yawa a ajin ba su taɓa jin wannan ba. Ya ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, wuraren da aka zaɓa don manyan tashoshi, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Ya kawo Masar da ta soma ginin tashar El Dabaa a 2022, tukwane huɗu, megawat 4,800, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Koriya ta Kudu ta gina wa Barakah, tukwane huɗu, megawat 5,600, wadda ke ba ƙasar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarta. Maƙwabtanmu na Nijar kuma tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit.

Abu ɗaya ya faɗa a wannan sashe da nake ganin ya isa a yi masa zama na musamman. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin babban layin wutar ƙasa, don in ta kashe kanta farat ɗaya kada ta ja kowa ƙasa. Wutar da ke yawo a layinmu yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, tukunyar zamani kuma ɗaya tana kai 1,200. Sannan tashar nukiliya ita kanta tana bukatar wuta daga waje, don ko an kashe tukunya zafinta ba ya ɗaukewa nan take, dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa. Ƙasar da babban layinta ke faɗuwa lokaci zuwa lokaci sai ta fara gyara wannan. Ni ina son ganin ranar da za mu samu irin wannan tasha, don na san abin da rashin wuta ya yi wa Sharaɗa da Bompai, na san masaƙun da suka koma rumbunan ajiya. Amma bayan wannan kwas na daina ganin kuɗi da siminti su ne babbar matsala. Tambayar da nake yi yanzu ita ce ko za mu iya jure baƙo ya tsaya bayanmu da littafi, ya rubuta gazawarmu, mu ce masa mun gode, kuma ƙaramin ma'aikaci ya ce wa babba ba zai sa hannu ba a bar shi da aikinsa.

Wa ya kamata ya je? Mai kula da sashe, foman, mai boila, mai lantarki da ke da yara a ƙarƙashinsa, kuma fiye da kowa, mai kamfani da kansa, don in shi bai yarda da littafin bakin igiya ba, ba wanda zai riƙe shi. Alhajin nan da ya yi gardama shi ya fara ba da izinin a shiga kamfaninsa. Sabon yaro da bai taɓa kwance inji ba gara ya dakata, zai ji labarai masu daɗi amma ba shi da inda zai rataya su. Wanda kuma takarda kawai yake nema don neman aiki, akwai masu arha da gajarta.

Kafin ka biya, ka tambaya ko Injiniya ne da kansa zai ɗauki zangon, don na ji wani lokaci yakan yi tafiya a sa wani. Ka tambaya ko ziyarar juna tana cikin tsarin, ka kuma nemi izinin maigidanka tun da wuri, don wasu sun rasa wannan sashe saboda ba a amsa musu a kan lokaci ba. Ka tafi da takalmin aikinka da littafi mai bango mai ƙarfi, ka zauna gaba kusa da taga. Mu shida daga ajin mun yi alkawarin ci gaba da zagayen a tsakaninmu bayan kowane wata uku, na gaba a Challawa za a yi, kuma duk mai boila a Sharaɗa da ke son shiga ya yi wa foman ɗinsa magana.